Daga Kabo Zuwa Gwarzo: Fili Ne Ke Zaɓa Wa Ɗan Wasa Takalmi

Tun da aka koma makaranta zango na biyu, tambayar da ɗalibai suka fi aiko mana a wannan shafi ita ce: wane takalmin ƙwallo ne ya fi kyau? Wasu har da jero sunayen kamfanoni, wai mu raba musu gardama. Da muka zauna za mu ba da amsa sai muka ga wannan ba tambayar da ake amsawa daga kan kujera ba ce, domin wanda bai ga inda za a taka ba, ba shi da ta cewa a kan abin da za a taka da shi. Shi ya sa ranar wata Asabar, ana tsakiyar hunturu, muka ɗauki littafin rubutu da kyamara muka nufi yammacin Jihar Kano, ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo.

Da hantsi muka shiga mota a Kabuga, hazo ya rufe gari. Muka bi titin Gwarzo, muka wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero, muka wuce Janguza, muka kai Rimin Gado. An daɗe da gama girbi, gonaki duk sun zama fili sai karan dawa da aka jingine a gindin bishiyoyi. Kusan kowane ƙauye muka gifta sai mun hangi turaku biyu a kafe da igiya ko sanda a samansu, alamar raga. Wani filin ja ne, wani fari fat da yashi, wani kuma baƙi-baƙi a gefen lambu. Tun daga cikin mota muka fara gane cewa amsar tambayarku ba za ta zama guda ɗaya ba.

Sabon but a cinya

Bayan Rimin Gado muka ratse kudu zuwa Kabo. Mutane da yawa sun fara jin sunan garin ne a jikin jiragen sama, saboda kamfanin Kabo Air da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, wanda ya yi shekaru yana jigilar alhazai. Mu dai ba sama ce ta kawo mu ba, ƙasa muka zo dubawa.

Filin da muka fara tsayawa yana bayan wata makarantar sakandare. Jar ƙasa ce mai marmara, da burji a warwatse, babu ko tsinken ciyawa sai a can gefe. Sanyi da iska sun busar da ita ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Samari kusan talatin ne ke atisaye, wasu da rigunan Kano Pillars, wasu da na ƙungiyoyin Turai da suka koɗe. Da muka duba ƙafafunsu sai muka ga kowa da irin nasa: mai kambas, mai takalmin roba, mai but da haƙoransa suka cinye, har da wanda ya sa takalmi a ƙafar dama kawai, ya bar wa abokinsa na hagu.

A gefen fili, a kan wani kututture, wani yaro ɗan aji biyu na babbar sakandare yana zaune. An naɗe masa idon sawu da tsumma, ga kuma but sabo fil a cinyarsa yana ta shafawa. Duk filin babu takalmin da ya kai nasa kyau. Muka yi masa sallama, muka ce, "Samari, yaya kana da sabon but amma kana zaune?"

Ya ce, "Wallahi Malam, shi ne ya zaunar da ni."

Ya juya mana ƙasan takalmin. Haƙora shida ne, na ƙarfe, dogaye, huɗu a gaba biyu a diddige, irin waɗanda ake murzawa a kwance. Ya ce damina guda ya yi yana ƙwadago a gonakin mutane, ya haɗa da kuɗin zakarunsa biyu, ya bai wa yayansa da ke zuwa Kano saƙo. Irinsa ya gani a ƙafar wani ɗan wasa a gidan kallon ƙwallo, kuma shi ya nuna wa yayan a waya. Ranar farko da ya sa, tafin ƙafarsa ya yi bororo uku. Ya daure. Rana ta uku ya zo zai juya da ƙwallo, ƙafa ta gurɗe, ya yi targaɗe. Saura kwana shida a tantance 'yan wasan da za su wakilci makarantar a gasar ƙaramar hukuma, kuma shi ne kowa ke sa rai zai riƙe lamba bakwai.

Malamin wasanni na makarantar ya zo ya same mu. Maimakon dogon bayani, sai ya karɓi takalmin ya ajiye a ƙasa ya taka da ƙarfinsa. Ko alamar shiga haƙoran ba su yi ba. Ya ce mu durƙusa mu leƙa, muka ga haske yana wucewa ta ƙarƙashin takalmin.

Ga abin da ke faruwa. An yi wa but haƙora ne don su nutse cikin ƙasa su riƙe ɗan wasa. Idan sun nutse, nauyin jiki sai ya bazu a kan tafin takalmin gaba ɗaya. Idan ƙasa ta ƙi karɓarsu, to mutum yana tsaye ne a kan tsinaye shida, kamar wanda ya hau duwatsu shida ƙanana. Duk nauyinsa a waɗannan wurare yake taruwa, nan bororo ke fitowa. Sannan tsawon irin waɗannan haƙora yakan kai milimita 11 zuwa 18, wato an ɗaga ƙafar daga ƙasa ke nan, ƙiris take jira ta karkace. Ga shi kuma ƙarfe a kan marmara zamewa yake yi. Takalmin da aka ƙera don hana santsi, a nan shi ke kawo santsin.

Malamin ya ce shi gwaji ɗaya yake koya wa yaransa. Kafin a sa takalmi, a je tsakiyar fili a danna diddige ko babban yatsan hannu a ƙasa. Idan ƙasa ta lotsa har ta nuna sawu, tana son haƙori. Idan ba ta lotsa ba, to a nemi mai guntayen haƙoran roba masu yawa, ko kuma kambas mai kaurin ƙasa. Ya nuna mana wani ɗan wasan tsakiya da ke ta juya abokan karawarsa. Ƙasan takalminsa cike yake da 'yan ƙananan ƙuraje na roba, ba su ƙirguwa. Tsoho ne, har an yi masa ɗinki a gefe, amma shi ne ya dace da filin.

Ba laifin takalmin ba ne

Kada ku ɗauka but mai haƙoran ƙarfe abin banza ne. Yana da ranarsa, kuma ya taɓa taimakawa aka ci Kofin Duniya. A 1954, a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, Jamus ta Yamma ta haɗu da Hangari a wasan ƙarshe. Hangari ce kowa ya bai wa kofin, domin a zagayen farko ta lallasa Jamus da ci 8 da 3. Ranar wasan ƙarshe sai aka tashi da ruwan sama, fili ya caɓe. Adi Dassler, wanda ya kafa kamfanin Adidas, yana tare da 'yan wasan Jamus, kuma takalman da ya yi musu masu haƙoran da ake kwancewa ne. Aka ɗaura musu dogaye. Hangari ta fara cin ƙwallo biyu, amma aka tashi Jamus na da 3, Hangari na da 2. Ba takalmi kaɗai ya ci wasan ba, amma darasin a fili yake: sun duba ƙasa tukuna, sannan suka zaɓi haƙori.

Mun ga irin wannan ƙasa da idonmu da la'asar. Wani ɗan acaɓa ya kai mu wajen madatsar ruwa ta Guzuguzu, inda masu noman rani suke ta ban-ruwa a lambunan tumatir da albasa. A gefen fadama akwai wani fili da yaran wajen suka share. Tsakaninsa da filin da muka baro ba wata tafiya ba ce mai nisa, amma sai ka ce wata ƙasa aka shiga. Ƙasar baƙa ce mai danshi, da ciyawa kore, gaban raga ɗaya kuwa laka ce zalla saboda ruwan da ke malalowa daga lambu. Da muka danna diddige sai da ya nutse.

A nan masu kambas ne ke shan wuya. Duk wanda ya taso da gudu zai tsaya, sai ka ga ya tafi suuu ya zauna daɓas, 'yan kallo su kwashe da dariya. Mai tsaron gida ɗaya ne ke da but mai dogayen haƙora, kuma shi kaɗai yake tsayawa inda ya ga dama. Lokaci-lokaci sai ya ɗauki tsinke ya kankare lakar da ta liƙe masa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake yi wa takalmin laka haƙora kaɗan masu tazara. Idan haƙora suka yi yawa kuma suka matsu, laka takan cike tsakaninsu, ƙasan takalmin ya koma sumul kamar faranti. Da a nan yaron Kabo yake wasa, da babu mai kama ƙafarsa.

Inda ƙafa ba ta son takalmi

A hanyar komawa muka tsaya a wani rafi da ya ƙafe, yashi fari tas. Yara ƙanana na buga ƙwallo a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ana langa, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle. Babu mai takalmi ko ɗaya, kuma daidai suka yi. A cikin yashi haƙori ba ya samun abin kamawa, takalmi kuwa cika yake yi da rairayi ya yi nauyi ya goge fata. Langa da kokawa da dambe duk wasannin yashi ne da yatsun ƙafa ke aiki a cikinsu. Ko ƙwallon bakin teku da hukumar FIFA ke shirya wa gasa, dokarta ta hana sa takalmi.

Wasa ba takalmi yana da tarihi a ƙasar nan. A 1949 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta fara fita waje, ta tafi Ingila a jirgin ruwa, Etim Henshaw ne kyaftin, cikinsu har da Teslim Balogun da ake wa laƙabi da Tanda. Yawancinsu ba takalmi suka buga, sai ƙyallen da suka naɗe ƙafa da shi, kuma a wasansu na farko suka doke ƙungiyar Marine da ci 5 da 2. Amma zamani ya canja. Doka ta 4 a cikin dokokin ƙwallon ƙafa ta wajabta wa kowane ɗan wasa takalmi da safa da abin kare ƙwauri. Wanda ke burin buga Kofin Ramat, gasar matasa da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, dole ƙafarsa ta saba da takalmi tun yanzu.

Sannan ba kowane fili ne yashin rafi ba. A busasshen fili akwai tsidau da ƙarangiya da fasasshiyar kwalba da tsatsattsiyar ƙusa. Raunin da ƙasa ta shiga cikinsa yana iya kawo cutar tetanus mai sandarar da jiki. Duk wanda ƙusa ko kwalba ta huda, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti ranar, kada ya tsaya cusa masa ƙasa ko toka.

Gwarzo: ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba

Washegari muka komo kan babban titi, muka wuce Garo, muka shiga Gwarzo. Garin yana da nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano, kuma ƙaramar hukumar ta yi iyaka da Jihar Katsina. Da izinin shugabar wata makarantar kwana ta 'yan mata muka shiga muka tarar ana shirin gasar wasanni tsakanin gidaje. An zana layukan tsere da toka a kan ƙasa, 'yan jan gida da 'yan shuɗin gida suna ta yi wa juna kirari. A can gefe akwai wani daɓen siminti da suke ƙwallon raga da ƙwallon hannu a kai.

Malamar wasanni ta nuna mana wata ɗaliba da ta dawo daga hutu da but ɗin yayanta, da niyyar ta yi tseren mita 100 da shi, ta kuma buga ƙwallon hannu. Ta ce a tsere nauyi ya yi mata, a kan siminti kuwa taku biyu ta yi ta faɗi ta gurje gwiwa. Muka tambaye ta dalilin aro shi. Ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "Na ɗauka duk takalmin wasa ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana bin yadda ƙafa ke motsi a kowane wasa. Mai gajeren tsere gaba kawai yake nufa, a kan yatsu yake gudu, diddigensa ba ya taɓa ƙasa sosai. Shi ya sa takalminsa ba shi da nauyi, ƙusoshinsa sirara ne kuma a gaba kawai suke, diddigen babu katifa. A kan hanyar tsere ta roba, irin ta manyan filayen wasa, ƙusa mai milimita 6 aka fi amfani da ita, kuma dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ba ta yarda ta wuce milimita 9 ba, sai a tsallen sama da jifan mashi inda aka yarda da 12. A kan ƙasa mai taurin marmara kuwa ƙusar ba ta shiga, lanƙwashewa take yi ko ta dakushe. A irin wannan fili kambas mara nauyi da ya kama ƙafa ya fi. Mai dogon tsere, daga mita 1,500 zuwa sama, abin da ya fi bukata shi ne laushi a ƙarƙashin diddige, saboda sau dubbai zai buga ƙafa a ƙasa.

Ƙwallon hannu da ƙwallon raga da ƙwallon kwando wasannin tsalle ne da kaucewa gefe, a kan daɓe. Suna son takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na roba mai kama siminti, wanda gefensa ke da ƙwari don kada ƙafa ta zame a ciki. Duk wani haƙori a nan haɗari ne. Haka kuma kada wanda ya kuskura ya shiga filin ƙwallon ƙafa da takalmin tsere mai ƙusa. Taku ɗaya a kan ƙafar abokin wasa ya isa ya kai shi asibiti, kuma alƙalin wasa ba zai bari a shiga da shi ba.

A gaban tulin gwanjo

Daga makarantar muka gangara bakin kasuwar Gwarzo, inda wani mai sayar da takalman gwanjo ya baje kayansa a kan buhu. Ya ce daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano yake saro su. Muka tsuguna muka yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya, kamar masu zaɓen kankana.

Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne haruffa biyun da manyan kamfanoni ke rubutawa a jikin kwali ko a takardar da ke cikin takalmin. Su ne ke gaya muku filin da aka yi shi dominsa. SG na ƙasa mai laushi ne da laka, shi ne irin na yaron Kabo. FG na filin ciyawa ne da bai jiƙe sosai ba, haƙoransa na roba ne a manne, sukan kai goma sha biyu ko kusa da haka, kuma shi ya fi yawa a kasuwa. AG na ciyawar roba ne, haƙoransa gajeru ne masu zagaye. TF shi ne mai ƙananan ƙurajen nan, kuma a filayenmu na rani babu kamarsa. IC ko IN na daɓe ne, ƙasansa a shimfiɗe.

Maganar ciyawar roba ta shafi duk wanda kan shiga birni ya buga a filayen haya na mutum biyar-biyar. A can ba santsi ne matsala ba, yawan riƙo ne. Dogon haƙori, musamman mai faɗi kamar bakin wuƙa, yakan maƙale a cikin robar. Jiki ya juya, ƙafa ta ƙi juyawa, sai gwiwa ta ɗauki murɗawar. Tsinkewar jijiyar gwiwa tana iya raba ɗan wasa da fili na wata da watanni, wani ma ke nan har abada.

A cikin tulin muka ci karo da wasu takalma biyu masu ɗaukar ido, ɗaya dogo har idon sawu, ɗayan da haƙoran ƙarfe masu faɗi. Dukansu suna da haƙori guda a can kan tsinin yatsa. Waɗannan ba na ƙwallonmu ba ne. Na farkon na ƙwallon Amurka ne da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, na biyun na wasan besbol ne da ake dukan ƙwallo da kulki. Haƙorin gaban yana taimaka musu wajen zabura daga tsaye. A ƙwallon ƙafa kuwa yana tuntuɓe da ƙasa lokacin bugu, yana kuma iya yanka ƙwaurin wani. Ku riƙa dubawa: but na ƙwallon ƙafa ba shi da haƙori a tsinin yatsa.

Sai batun lamba. Mu mun saba da lissafin Turai, 39, 40, 41. Amma gwanjo daga ko'ina yake zuwa. Lamba 8 ta Ingila ita ce kusan 42 a lissafinmu, ita ce kuma 9 ta maza a Amurka. Ko lambar ta yi daidai, kamfani da kamfani sun bambanta wajen faɗi, kuma ƙafar da ta girma tana yawo a silifa takan fi faɗi. Don haka kada a yi saƙon takalmin wasa. A je da ƙafa, a je da safar da za a yi wasa da ita, kuma a gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirga. A sa duka biyun a ɗaure, a tsaya. Tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi a bar kimanin santimita 1. A ɗaga diddige, idan yana fita to ya yi yawa. Dabarar nan ta sayen babba a cusa tsumma don a daɗe ana sawa, ita ke kawo bororo da faɗuwar farce.

Kusa da mai gwanjon akwai wani dattijo shumeka, zare da basilla a hannu. Muka gaishe shi muka ce, "Baba, me ya fi kawo maka 'yan ƙwallo?" Ya ce ɓarewar ƙasan takalmi, domin gam ba ya jure zafi da ƙurar nan. Shawararsa ita ce duk wanda ya sayi but, sabo ko gwanjo, ya kawo a zagaye shi da ɗinki tun bai buɗe baki ba. Ya koya mana yadda ake duba na gwanjo: a lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu, ba a tsakiya ba, a matsa bayan diddige a ji ko da sauran ƙwari, a ajiye shi a ƙasa a ga ko ya karkata gefe, domin wanda ya karkata ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, a shafa haƙoran a ji ko akwai wanda ya yi kaifi. Ya ce abubuwa uku ne ke kashe but da wuri: tafiya da shi a kan kwalta daga gida zuwa fili, shanya shi a tsakiyar rana ko a bakin murhu, da barin laka ta bushe a jikinsa. A wanke, a cusa masa tsohuwar takarda, a ajiye a inuwa. Akwai aikin da ya ce ko nawa za a ba shi ba ya yi, wato kafa wa takalmi ƙusar kafinta a madadin haƙorin da ya fita.

Ga kuma wata magana ta musamman ga 'yan ƙananan azuzuwa. Tsakanin shekara 8 zuwa 14 ƙashin diddige bai gama ƙosawa ba, kuma yawan gudu a ƙasa mai tauri da takalmi mara laushi yakan jawo ciwon diddige. Idan kuna jin zafi a wurin bayan wasa, har kuna ɗingishi da safe, ku huta, ku koma takalmi mai laushi, ku gaya wa malamin wasanni ko iyayenku a kai ku a duba. Daurewa a nan ba jarumta ba ce.

Abin da muka dawo da shi

Idan kuɗinku na takalmi ɗaya ne, kamar yawancinmu, ku lissafa watannin shekara. A wannan yanki ruwan sama na sosai daga Yuni ne zuwa Satumba. Sauran watannin ƙasa a bushe take. Takalmin da za ku fi mora shi ne na busasshiyar ƙasa, mai gajerun haƙoran roba masu yawa. Wanda filinsu ke fadama, ko mai ciyawa ne da ake ba ruwa, shi ne zai nemi mai haƙora sosai. Mai tsere da mai wasan daɓe kowa ya nemi nasa, in kuma babu hali, kambas mai kyau da ya zauna a ƙafa ya fi but na aro. Sunan kamfani da launi su zo a ƙarshe, balle ma jabu ya cika kasuwa. Ɗan wasan da kuke gani a talabijin yana taka ciyawar da aka yi wa ban-ruwa kafin a take wasa, kuma yana da takalma iri-iri da yake canjawa. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Bayan mako guda muka buga wa malamin wasannin Kabo waya. Ya ce kumburin bai sauka da wuri ba, an yi tantancewar ba da yaron ba, wani ya ɗauki lamba bakwai. Da farko yaron ya ce zai adana takalmin sai damina. Malamin ya tuna masa cewa shekararsa 16, kafin watan Agusta ƙafarsa tana iya wuce lambar. Daga ƙarshe wani babban ɗan wasa da ke bugawa a filin fadama ya saya, da ɗan ragi. Da kuɗin yaron ya je kasuwa da ƙafarsa da safarsa, ya zaɓo na gwanjo mai ƙananan haƙora, ya biya aka zagaye masa shi da ɗinki, har ya samu canjin sayen abin kare ƙwauri. Ya fara gudu a hankali a gefen fili, kuma malamin ya ce akwai wata gasar a zango na uku.

Kafin ku aiko mana da tambaya ta gaba, ku je filin makarantarku ku danna diddige a ƙasa, ku rubuto mana abin da kuka gani da irin takalmin da kuke sawa. Sai mun ji daga gare ku.